Easyboot Glue-On: takalmin gam na tafiyar mako guda, ga dokin da ba ya sa ƙarfe

Dokin da aka bari ba takalmi, kofatonsa kan yi ƙwari ne daidai da ƙasar da yake takawa kullum. Wanda ya saba da yashi ko fadama, ranar da aka kai shi hanyar dutse da tsakuwa ta kwana uku ko huɗu, nan take asirinsa ke tonuwa. Kofato na tsiro milimita 6 zuwa 10 ne kawai a wata, dutse kuwa yana iya cinye fiye da haka cikin 'yan kwanaki. Sai ka ga doki ya fara zaɓen wurin taku, yana ratsewa gefen hanya neman laushi, takunsa ya gajarce, in an zo gangara ya riƙa noƙewa. A nan mai doki ko dai ya sa a buga takalmin ƙarfe da ƙusa, ko ya ɗaura na roba mai maɗauri da ake cirewa da yamma, ko kuma ya manna na gam. Easyboot Glue-On na cikin kashin ƙarshe. Kaya ne mai kyau ƙwarai ga tafiya mai wuya ta mako guda, amma ba abin da za a manna a manta da shi ba ne, kuma wanda ba shi da haƙurin shirya kofato, asarar kuɗinsa kawai zai yi.

Kamfanin EasyCare na Amurka ke yin sa. Asalin kamfanin tun 1970 ne, lokacin da Neel Glass, wani masanin kimiyyar nukiliya a Los Alamos, ya ƙera takalmin roba saboda dokinsa mai ciwon ƙafa. Shi Glue-On ƙoƙo ne na robar foliyuretan, tafinsa a rufe ruf, da zane a ƙasansa don kama ƙasa, sannan bango siriri mai lanƙwasuwa ya rungume kofato ta gaba da gefe biyu. Ba igiya, ba ƙarfe. Wanda ya san Easyboot Glove, takalmin kamfanin mai maɗauri, ya riga ya san shi, domin ƙoƙon ɗaya ne, maɗaurin da ke kewaye idon sawu kawai aka cire. Duk fa'idarsa a wannan cirewar take. Babu abin da zai goge wa doki fata a bayan dunduniya, babu inda yashi zai maƙale yana gurzar ta, kuma mahayi ba zai riƙa sauka yana laluben takalmi a cikin laka ba.

An gwada shi inda gwaji ke da ma'ana. Gasar tseren dawaki ta Tevis da ake yi tun 1955 a tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya, mil 100 ce, wato kusan kilomita 160, cikin awa 24, hanyar kuma dutse ce da kwazazzabai da tsallake ruwa. A 2012 Garrett Ford ya zo na ɗaya a kan dokinsa The Fury da wannan takalmi a ƙafarsa. Gaskiya ne shi ne mai kamfanin, mai kaya kuwa ba ya kushe kayansa, amma duwatsun hanyar ba su san mai kamfani ba. Abin lura dai shi ne irin waɗannan dawaki ƙwararru ke manna musu, kwana kaɗan kafin gasa, kuma ana gamawa a cire.

Awo shi ne farko, kuma bayan an datse kofato ake yin sa, ba kafin ba. Ana auna faɗi a inda kofato ya fi faɗi, tsawo kuma daga gaban kofato zuwa inda bangon dunduniya ya ƙare, ban da tsokar nan mai laushi ta baya. Da milimita ake awon, don tazarar da ke tsakanin lamba da lamba milimita 4 ce kacal. A auna kowace ƙafa dabam: na gaba sun fi zagaye, na baya sun fi tsini, kuma ba abin mamaki ba ne hagu da dama su sha bamban. Akwai samfuri mai faɗi saboda kofaton da faɗinsa ya kusa kamo tsawonsa. Bayan awo sai a gwada ƙoƙon ba gam. Wanda ya dace sai an buga shi da gudumar roba yake zama, tsagar da ke gabansa ta ɗan buɗe, bakinsa ya lafe a jikin kofato ta ko'ina, kuma cire shi da hannu ya yi wuya. In ya shige salin alin, ya yi girma. Kada a ce gam zai cike giɓin. Takalmi mai sako-sako juyawa yake yi a ƙafa tun gam bai gama kamawa ba. Kofaton da bangonsa ya baje ta ƙasa, ko dunduniyarsa ta yi tsawo, sai an gyara shi tukuna, wani lokaci a datsa biyu ko uku a jere, kafin a yi maganar gam. A kuma duba tsayin bangon ƙoƙon. In ya kai bakin gashi, a rage shi da wuƙa ko almakashi mai ƙarfi, don wurin nan ne kofato ke tsirowa, ba a son abin da zai danne shi.

Shirya kofato shi ne aikin gaba ɗaya. A kan doki mai natsuwa, manna takalmi ɗaya bai wuce minti biyar ba, shiri kuwa yana cin ninkin haka sau da yawa. Abokan gabar gam uku ne: danshi, maiƙo da ƙura. Tun daren jiya doki zai kwana a busasshen wuri, ba wanka, ba tsayuwa a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Duk wani mai da aka saba shafa wa kofato, na kanti ne ko man shanu ko baƙin mai, a daina shi tun makonni kafin ranar, domin yana ratsa bango, kuma sanfefa ba ta kai inda ya kai.

Ana farawa da tafin kofato. A kankare mataccen tafi mai garewa, a buɗe ramuka biyun da ke gefen tsokar tsakiya, wato tsokar nan mai siffar kan mashi, a bi su da burushin waya har sai ba sauran kashi ko laka. A sa hanci a shinshina. In akwai wari ko baƙin ruwa, a dakata da maganar takalmi. Daga nan a koma bango. A goge shi da sanfefa mai kaushi, lamba 60 ta isa, tun daga ƙasa har zuwa inda bakin ƙoƙo zai tsaya, a bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin wurin da aka goge da bakin gashi. Abin da ake nema shi ne a kawar da ƙyallin waje, a isa ga sabon bango mai tsabta. Sannan a ɗauki gefen magagari a yi wa bangon 'yan zane marasa zurfi a gicciye, don gam ya sami abin kamawa. Bango mai santsi gam ba ya zama a kansa.

Sai busarwa. Ana amfani da ƙaramin abin hura wuta na gas ko na'urar hura iska mai zafi, a riƙa wucewa da shi a kan bango da sauri, daƙiƙa kaɗan, ba a tsayawa wuri ɗaya, ba a kusantar gashi. A goge da burushin waya, a sake, har sai bango ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. Wasu na tabbatarwa da na'urar auna danshin katako. Wanda ya goge kofato da sifirit, ya bari ya bushe sarai kafin ya kawo wuta kusa, kuma a yi aikin nesa da ciyawa da harawa. Daga wannan lokaci ba hannu tsirara a jikin bangon, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ɓata wuri. A sa safar hannu ta roba. Ƙafar kuma ba za ta sake taɓa ƙasa ba sai a kan kwali mai tsabta ko tabarmar roba. Cikin ƙoƙon ma haka: in an gwada shi a ƙafa, a goge shi tas, ya bushe.

Gam iri biyu ake sawa, kuma rikita aikinsu shi ne ke gurgunta doki. Na farko mai tauri ne, shi ke riƙe takalmi, wurinsa bango kaɗai. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Vettec Adhere, mai zuwa a kwalba mai ciki biyu, ana matsa shi da bindigarsa ta musamman, sinadaran biyu su gauraya a cikin bakin roba da ake ɗaurawa a gaba. Na biyu mai laushi ne, shi ke cike tafi ya zama matashi, ya kuma hana tsakuwa da laka shiga. A nan Sikaflex 227 ya yi suna, kodayake asalinsa na aikin jikin mota ne.

Ga yadda ake bi. A fara zuba Sikaflex a tafin ƙoƙo, a yi shi da siffar tsokar tsakiya, ya fi kauri ta baya inda ramukan suka fi zurfi. Shi ba ya sauri, don haka yana iya jira. Sannan a buɗe Adhere, a matsa kaɗan a kan kwali kafin a ɗaura baki har sai ɓangarorin biyu sun fito daidai, a ɗaura baki a sake zubar da na farkon fitowa. Wanda ya yi rowar wannan ɗan gam zai sami gauraye mara daidaito da ba ya taurara. A shimfiɗa shi a cikin bangon ƙoƙo daga gefe zuwa gefe, kaurin milimita 2 zuwa 3, a kashi biyu cikin uku na sama. Dalilin barin ƙasan shi ne, yayin da kofato ke shiga, yana tura gam ƙasa. In an sa shi har gindi, zai taru a ƙarƙashin tafi ya daskare, doki ya wuni yana taka abu mai tauri kamar wanda tsakuwa ta shige wa takalmi. Kwana ɗaya ko biyu sai ɗingishi, in an yi rashin sa'a har da taruwar jini a tafi ko ƙurji.

Ana gama shimfiɗawa a zura ƙoƙon, gaban kofato ya fara shiga, a daidaita tsagar gaba da tsakiyar kofato, a buga da gudumar roba sau uku ko huɗu a gaba har ya zauna. A sauke ƙafar a hankali, mataimaki ya ɗaga ɗayar ƙafar ta gefe na kimanin minti biyu don doki ya tsaya cik a kan wadda aka manna. In ya murɗa ƙafa a wannan lokaci, haɗin ya karye ko da ido bai gani ba. Bayan nan a bi bakin ƙoƙo da siririn gam, a shafe shi da yatsa mai safa, a toshe duk inda ruwa zai bi. Kowace ƙafa sabon baki take ci, toshewar ma haka, saboda gam na daskarewa a ciki da zarar an dakata. Ƙafa huɗu a tanadi baki goma, da kwalba biyu in hannun sabo ne.

A yanayin digiri 20 zuwa 25, Adhere na ba mutum kimanin minti ɗaya kafin ya fara kamawa. Zafi na gaggauta shi, sanyi na jinkirta shi. Sikaflex kuwa danshin iska ke taurara shi, sa'o'i yake ɗauka, kuma zai riƙa tsattsafowa ta baya. A bar shi, kashegari a yanke abin da ya fito. Doki ya kwana a busasshen wuri, hawa sai washegari.

In takalmi ya fita, kada a jefar da shi, shi zai faɗi abin da ya faru. Gam ya tafi da ƙoƙo, kofato ya fito fes: laifin shiri ne, danshi ko maiƙo ko bango mai santsi. Gam ya zauna a kofato, ƙoƙo ya fito fes: cikin ƙoƙon ne ba shi da tsabta. Gam ya yi danƙo yana lotsawa a yatsa: gaurayen bai yi ba, ko kwalbar ta tsufa. Gam ya taurara amma babu hoton zanen magagari a jikinsa: ya riga ya fara kamawa kafin a zura, an yi nawa. In kuwa bayan ƙoƙon ne ya yage, to ƙafar baya ce ke tako ta gaba. Maganin wannan shi ne a rage duk abin da ya yi saura a bayan dunduniya, a kuma zaftare gaban tafin ƙoƙo da magagari, don ƙafar gaba ta riƙa barin ƙasa da wuri. Wannan zaftarewar tana da amfani ko ba a sami matsala ba, domin kaurin ƙoƙo yana ƙara wa kofato tsawo ta gaba.

Ta fuskar lafiyar kofato, abin yabo a bayyane yake. Takalmin ƙarfe ƙusa shida ko fiye yake ci, kowace ta bar rami a bango, kuma dokin da bangonsa siriri ne ko mai farfashewa ba ya riƙe su. Nan babu rami ko ɗaya. Roba na lanƙwasuwa, don haka dunduniya na buɗewa ta rufe a kowane taku yadda take yi in ba takalmi, tsokar tsakiya kuma na ɗaukar rabonta na nauyi ta hanyar matashin da aka zuba. A kan dutse da kwalta yana kama ƙasa fiye da ƙarfe, yana kuma rage jijjiga. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da laka mai santsi kuwa ba abin a dogara da shi ba ne, mahayi ya sassauta.

Aibinsa kuma daga rufaffen tafin nan yake. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da tsokar tsakiya, irin su Fusobacterium necrophorum, inda ba iska suke bunƙasa, ga ɗumi ga danshi. Komai kyan toshewa, bayan tsallake ruwa da kwanaki ana tafiya, sai danshi ya sami hanya ta baya, kuma in ya shiga ba ya fita. Shi ya sa kamfanin da kansa ya ƙayyade masa kimanin kwana goma a jere. Akwai masu barin sa wata guda su ce lafiya lau, musamman a busasshiyar ƙasa, amma wannan caca ce da ƙafar da ba ka ganin cikinta. Ga kuma tsiro: kofato na ci gaba da girma a ciki ba tare da ƙasa na cin sa ba, gaba ya yi tsawo, ƙoƙon da ya yi daidai ranar farko ya fara matsewa. Barbaɗa ɗan garin kofa salfet, shuɗin nan, a ramukan tsokar kafin a rufe yana rage ruɓa, sai dai rigakafi ne, ba magani ba. Kofato mai ƙurji, ko wanda ƙusa ta huda, ko wanda farin layinsa, wato inda bango ya haɗu da tafi, ya rabu yana garewa, ba a rufe shi da gam. Dokin da ake zargin kumburin cikin kofato kuwa, likitan dabbobi ne zai fara ganinsa.

Akwai wata ɓarna da ba a cika faɗa ba. Kowace mannawa sai an ci bango da sanfefa, kowace cirewa sai an sake gogewa. In ana yi a kai a kai, bango na sirancewa, alhali kafin sabon bango ya sauko daga bakin gashi zuwa ƙasa sai wata 9 zuwa 12. Sau biyu ko uku a shekara ba komai. Kowane wata kuwa, an gudu daga ramin ƙusa ne an faɗa wata matsalar.

Muddin takalmi na ƙafa, kowace safiya a taɓa bangon kofato a ji ko ya fi na sauran ƙafafun zafi, a lalubi jijiyar bayan idon sawu a ji ko bugunta ya yi ƙarfi, a shinshina ta baya. Ɗaya daga cikin waɗannan, ko ɗingishin da ba a san dalilinsa ba, a cire a duba. Cirewa da sukudireba mai faɗin baki marar kaifi ake yi: a zura tsakanin ƙoƙo da gam, a riƙa bugawa a hankali ana kewayawa, har sai ko'ina ya saki, sannan a ɓamɓare tafin. Fizga da ƙarfi na tafiya da fatar bango. Ragowar gam a bi shi da gefen magagari mai laushi. Tafin zai fito da ɗan laushi, a ba doki kwana biyu ko uku a ƙasa mai sauƙi ya bushe ya koma yadda yake. Ƙoƙon da tafinsa bai cinye ba ana iya kankare tsohon gam a sake amfani da shi, amma aikin na cin lokaci.

Wanda ke son kariya ta sati huɗu zuwa shida, ba wannan ne kayansa ba. Ya nemi mai buɗaɗɗen tsakiya, irin EasyShoe Versa Grip Octo na kamfanin, mai kunnuwa takwas da ake mannawa da sufa gulu a naɗe da leda har ya kama. Iska na shiga, ana kuma iya share tsokar tsakiya kullum. Renegade ma na da ƙoƙon gam irin wannan, kuma wasu kofatan sun fi dacewa da siffarsa. Mai hawan awa biyu a ƙarshen mako kuwa, takalmi mai maɗauri ya fi masa araha da sauƙi nesa ba kusa ba, tunda a na gam ba kuɗin ƙoƙo kaɗai ake biya ba, har da gam biyu, bindiga, bakuna da sanfefa, kuma galibinsu a kowace mannawa sai an sake saye.

Dawakin ƙasar Hausa akasarinsu ba takalmi suke tafiya, kuma kwanakin hawan sallah a Kano, Katsina ko Zariya, inda doki ke yin kwanaki a jere a kan kwalta, sun yi daidai da wa'adin wannan takalmi. Sai dai zafi zai canza lissafi. A watan Afrilu, da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, minti ɗayan nan na iya komawa rabi. A ajiye kwalba da bakunan a cikin kula, a yi aikin da asuba a inuwa. A duba ranar ƙarewar gam kafin a biya, don wanda ya daɗe a zafin sito ba ya kamawa yadda ya kamata. Lokacin hunturu kofato a bushe yake, shiri na sauƙi, sai dai a yi hattara da ƙura. Da damina a rage kwanakin, ko a haƙura. Dokin da za a yi sukuwa da shi a ja linzami ya tsaya nan take, a gwada shi da takalmin tun kafin ranar, domin roba ba ta zamewa a kwalta yadda ya saba.

Mannawar farko kada ta zama ta ranar tafiya. A yi gwaji da ƙafafun gaba biyu makonni kafin lokacin, a hau, a cire, a karanta abin da gam ya nuna. Ranar tafiya kuma a sa Glove ɗaya mai lamba daidai da ta ƙafar gaba a jakar sirdi, da ɗaya na baya in lambarsu ta bambanta, tare da ƙaramin magagari, don in ƙoƙo ya fita a tsakiyar hanya sai an goge ragowar gam kafin mai maɗaurin ya shiga.